Wando Mai Lamba Talatin da Huɗu

Zuwa ga Maman yara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Auta da mijinta, da wannan jaririn da ya ƙwace min mata wata biyu cur ba ko kunya. Ki gaya masa ina nan ina jiran sa, za mu haɗu.

Kin san halin kunnena da waya. Injin yankan katako ya gama da shi, ki yi ta magana ni kuwa ina ta "me kika ce?" Shi ya sa na ba direban motar kaya wannan takarda, tunda duk Talata da Juma'a yana bi ta garinku.

Gida lafiya lau. Ina shara, ina ba shukokinki ruwa, ɗaya ce kawai ta mutu, ita ma da ma ba ta yi niyyar rayuwa ba. Shago ma alhamdu lillahi, mun sami aikin teburan makaranta.

Sai dai na yi miki ɓarna. Wandunan jins biyun nan da kika sayo min ana gobe za ki tafi, duk sun tashi aiki. Ɗaya ƙusa ce ta kama shi ina saukowa daga kan benci, ya yage daga aljihun baya har bayan gwiwa. Rigata na ɗaura a ƙugu na dawo gida, maƙwabcinmu mai walda yana dariya har da riƙe bango. Ɗayan kuma na ce bari in goge shi, na bar dutsen guga a kai na je duba ruwan shayi. Ba sai na ƙarasa miki ba. Yanzu tsohon nan mai ɗigon fenti kaɗai ya rage min.

Ki faɗa min shagon da kike sayowa. In ma kin manta sunansa ba komai, in shiga kasuwa da kaina. Me ke da wuya? In ce a ba ni lamba talatin da huɗu, shi ke nan. Duk layin kafintoci an san shekara talatin da ɗaya da aurena ƙuguna bai motsa ko da inci guda ba, alhali sa'o'ina kowa ya ajiye tumbi.

Ki gaida mutanen gidan baki ɗaya.

Naki,
Baban yara

Zuwa ga Maigida,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, kowa yana gaishe ka. Abokin gabar taka yana nan sai tsotso da barci, ya ce in gaya maka ka haƙura, matar ta zama tasa.

To, Malam, maganar wando. Don Allah kada ka je kasuwar nan. Na roƙe ka. Saura min mako huɗu in dawo, tsohon mai fentin zai kai ka. Ka wanke shi da yamma, kafin safe ya bushe. Wanda ya yage kuwa ka kai wa telan bakin titi ya haɗe maka bayan.

Kana ganin sayen wando kamar sayen ƙusa ne, a faɗi lamba a miƙo? Tabɗi! Shekara nawa ina wannan aikin ba ka taɓa tambaya ba. Sai na murza yadin na ji kaurinsa, don mai laushi da sheƙi wata biyu ba ya yi wa mai durƙuso irinka. Sai na juya cikinsa na ga ɗinkin layi biyu ne a cinya da tsakanin ƙafafu. Sai na cusa hannu a aljihu na ja, domin kai aljihu a wurinka akwatin kayan aiki ne, tef da fensir da ƙusoshi. Sai na ja zif sama da ƙasa ya fi sau goma, mai shago yana hararata. Sannan in duba cinya tana da wadata, kada su ba ka irin matsattsen nan na samari, ka fito kamar an ɗaure sanda da tsumma.

Kai kuwa na san ka, wanda aka fara miƙo maka shi za ka karɓa don kada a ce ka cika tsirfa. Ka bari kawai in dawo. Na ce ka bari.

Ka riƙa cin abinci a kan lokaci. Shukar da ka kashe kuma za mu yi maganarta.

Taka,
Maman yara

Zuwa ga Maman yara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida yara.

Wannan takardar ke kaɗai za ki karanta. Kada ki nuna wa Auta, tana jego, ba na so hankalinta ya tashi.

Ban ji maganarki ba, na je kasuwar. Na bi duk abin da kika lissafa, na murza yadi, na duba ɗinki, na ja zif. Na ce a ba ni talatin da huɗu. Na shiga bayan labule, wando ya hau har cinya ya tsaya cik. Na ce wannan na jabu ne, na bar shagon. A shago na biyu ya hau da ƙyar, amma maɓalli da raminsa sun ƙi gaisawa, tsakaninsu ya kai faɗin tafin hannuna. A shago na uku mai shagon ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Baba, kai ai talatin da takwas ne." Na ce masa shi da ganin nasa. Na nuna masa lambar da ke cikin wandon jikina. Ya ce ai tsohon jins haka yake, yana sakin jiki ya bi mai shi, ba ya gaya maka gaskiya.

Na dawo shagona na ɗauki tef ɗina na zagaya ƙuguna. Talatin da takwas. Na sake, na ɗauko wani tef ɗin na sake. Ni kafinta ne, na san tef ba ya yi wa mutum kara.

Maman yara, ki lissafa da kanki. Wata biyu da suka wuce kin kawo min sababbin talatin da huɗu, na sa suka zauna min daram. Yau inci huɗu sun ƙaru. Ba ƙiba ba ce, wace ƙiba zan yi da girkin hannuna? Kin tuna yadda ciwon Yaya ya fara, Allah ya jiƙansa. Shi ma wando ne ya fara ƙin rufuwa, muna ta yi masa tsiya wai ya ji daɗi, ashe ruwa ne ke taruwa a cikinsa. Wata bakwai ya yi.

Tun ranar jikina ya yi sanyi. Ba inda ke min ciwo, amma shi ma da farko ba inda ke masa. Na daina cin abincin yamma ko zai sauka, kwana biyar ke nan, tef bai ragu ba. Asibiti kuwa na je har bakin ƙofa na juyo. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Ina dai ta sauri in gama teburan nan, kada in bar wa mutane aiki a rabi.

Ba na ce ki baro yarinya ki taho ba. Na dai ga bai kamata ki ji a bakin wani ba.

Naki,
Baban yara

Zuwa ga Maigida,

Wa alaikumus salam. Na tsayar da direba a ƙofar gida ina rubuta wannan, don haka ka yi haƙuri da rubutun.

Lafiyarka ƙalau! Wallahi lafiyarka ƙalau, ba ruwan da ya taru a cikinka. Ni ce na yi maka wannan aika-aikar, ni kaɗai.

Ka ajiye takardar nan, ka ɗauko wandon da ƙusa ta yaga, ka shimfiɗa shi a kan tebur ka auna ƙugunsa da tef ɗin naka. Ka auna komai a duniya ban da shi. Sannan ka juya cikinsa, ka dubi ɗan ƙyallen da lamba take a jiki. Ɗinkin hannu za ka gani da shuɗin zare. Hannuna ne.

Shekara goma sha huɗu ke nan rabonka da talatin da huɗu. Ka tuna lokacin da kake dawowa gida da jan shati a ƙugu, in za ka zauna cin abinci sai ka ɓalle maɓalli a ɓoye kana zaton ban gani ba? Na sayo maka talatin da shida. Kana ganin lambar ka ce mai shago ya cuce ni, ka rataye shi a bayan ƙofa, ka ci gaba da matse kanka har cinyoyinka suka saluɓe. Kana aiki a tsaye domin ba ka iya durƙusawa. Na yi magana, ka ce in bar ka. Rannan kana shago na ɗauki reza na cire lambar tsohon wandonka, na ɗinka a sabon, na ce maka na je an canza min. Ka sa, ka durƙusa, ka miƙe, ka ce, "Yauwa, kin ga wandon ƙwarai." Farin cikin da na gani a fuskarka ranar shi ya hana ni dainawa.

Shekara shida kana talatin da shida, shekara takwas kana talatin da takwas. Biyun da na kawo maka kafin in taho ma talatin da takwas ne. Duk wandon da ya mutu sai in cire lambarsa in adana a gwangwanin maɓallai, ƙarƙashin zare. Ka buɗe ka gani, akwai guda biyar.

In na ji ka a ƙofar gida kana yi wa mai walda gorin tumbi, sai in shige ɗaki in toshe bakina. Abin dariya na ɗauke shi. Ban taɓa kawowa a raina zai kai ka ga tuna Yaya ba. Da na karanta cewa ka je ƙofar asibiti ka juyo kai kaɗai, kuka na yi sosai, har Auta ta shigo ta same ni. Dole na gaya mata, ka yi haƙuri. Ta yi kuka, daga baya kuma ta yi ta dariya har jaririn ya farka.

Ka yafe min. Na san ƙarya na yi maka, kuma mai tsawo. In ka yi fushi kana da gaskiya. Amma ka ci abinci yau ɗin nan, kuma ka koma asibitin a duba ka, don hankalinmu duka ya kwanta.

Taka mai laifi,
Maman yara

Maigida,

Assalamu alaikum. Direba ya zo Talata hannu rabbana, ya zo Juma'a hannu rabbana. Na tambaye shi, ya ce ya gan ka a shago kana aiki, ka ɗaga masa hannu kawai. Na kira waya sau huɗu ba ka ɗauka ba, ban sani ba ko kunnen ne ko zuciyar.

In faɗa ne ka rubuto shi, zan karanta har ƙarshe. Shirun nan ne ba zan iya ba. Ka ci abinci kuwa? Ka je asibitin?

Taka,
Maman yara

Zuwa ga Maman yara,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, da Auta mai dariyar ubanta.

Na auna wandon. Na buɗe gwangwanin. Na yi fushi na kwana uku, fushi na gaske, amma ina yi ina cin abinci, domin yunwa ta kusa kashe ni a banza. A rana ta huɗu na je asibiti. Likita ya danna nan ya danna can, aka ɗebi jini, jiya na karɓo sakamako. Ya ce ba abin da ke cikina sai abinci. Na fito na zauna a kan dakalin asibitin na daɗe ina hamdala, mutane suna wucewa suna kallona.

Daga nan na wuce shago na ukun nan, na ce wa mutumin ya ba ni talatin da takwas, kuma kada ya kuskura ya yi murmushi. Na sayi biyu, masu kauri, ɗinki layi biyu. Na durƙusa a gabansa sau uku. Sun zauna daram. Mai walda bai sani ba, kuma ba zai ji daga bakinki ba.

Sai dai akwai abin da ba ki faɗa ba. Ina tafiya gida sanye da sabon na ji ƙafar wandon ta hagu tana jan ƙasa, ta dama kuwa lafiya lau. Na ce yau kuma wace cuta aka yi min? Na shimfiɗa tsofaffin wandunan na auna ƙafafunsu. Kowane ɗaya ta hagu ta gaza ta dama da inci guda, kuma kalmasar da shuɗin zare aka yi ta. Shekara sittin ina yawo a duniya ban san ƙafafuna ba tsawo ɗaya ba ne. Ke kin sani, kin gyara, kin yi shiru.

Na zauna a bakin gado da wandon a hannu, na rasa fushin da zan yi.

Telan bakin titi ya ce in kawo ya rage min yanzu-yanzu. Na ce masa a'a, ina da mai yi min. Na naɗe ƙafar wandon na soke ta da fil, haka nake zuwa shago. Fil ɗin yana sukata a idon sawu, saboda haka kada ki ƙara ko kwana ɗaya a kan ranar da kika sa.

Naki,
Baban yara