Markus ya rasu

Inna Ɗela,

Ina gaishe ki. Ya mutanen Guci, ya ƙafar Baba? Ni lafiya lau, sai dai Markus, Kiristan da ya ba ni masauki a Legas, ya rasu.

Da ciwo ya ci idonsa, ni nake karanta masa Linjila. Kada ki damu, ina sallata. Mun kai inda mutane suka kasa gane Almasihu, wasu na cewa Yahaya ne, wasu Iliya, wato Annabi Ilyasu. Markus ya ce, "Sarki mai takobi suke jira, alhali ga shi yana warkar da majinyatansu."

Danginsa da suka zo sun zaci yaron gidansa ne ni. Na bar su a haka.

Ki yi mini addu'a, Inna. Har yanzu kwano biyu nake ɗaukowa.

Ɗanki Abdulmajid