Kiɗan Mama Ya Ƙi Shiga Layi

Litinin, 14 ga Oktoba

Saura kwana biyar bikin Da-som. Ƙanwata ɗaya tal, kuma abu ɗaya ta roƙe ni: tsohon kaset ɗin da marigayiya Mama ta kaɗa piyano a falonmu na birnin Daegu, da shi take so ta shiga zauren biki, Baba na riƙe da hannunta. Da sun isa gaban ango sai in zarce da waƙar da su biyun suke so, ba tare da kiɗan ya yanke ba.

"Yaya, ke fa DJ ce, wannan ai kamar shan ruwa ne."

Na ce mata sosai ma. Bakina ne ke ja mini.

Talata, 15 ga Oktoba

Manhaja ta auna kiɗan Mama: bugu saba'in da biyu a minti, lambar murya 8A. Waƙar amarya ma 8A ce. Duk ɗan koyo ya san in lamba ta zo ɗaya, kiɗa biyu sai su shige juna lafiya. Na haɗa su, sai ka ce mage biyu ke faɗa a bayan gida. Na sake har sau tara.

Laraba, 16 ga Oktoba

Masu zauren biki sun kira. Juma'a da azahar suke son kiɗan, kuma minti talatin ne namu, wata amaryar na jira a bayanmu.

Mama ba ta bin ƙa'ida. Nan ta yi sauri, can ta ja. Akwai wani wuri a tsakiya da ta yi kusan tsayawa, daƙiƙa biyu cur, kamar ta manta abin da take kaɗawa. Na yanke shi, sauran kuma na miƙe shi a kan layin bugu na manhaja. Gudun ya daidaita, amma muryar har yanzu tana karo. Tsoro nake ji, gaskiya. Gimbap ɗin safe, naɗin shinkafar da na saya, yana nan ban taɓa ba.

Da-som ta ce a waya, "Ki kai wa Baba mana." Na kashe wayar.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Na je Daegu wurin Baba. Shekara biyu rabona da gidan, tun ranar bikin girbi na Chuseok da ya ce a gaban dangi wai ni ba kiɗa nake ba, gadin injin wanki nake. Shekara arba'in yana saita piyanon mutane, a ganinsa kunnensa ne kawai kunne.

Ko gaisuwar kirki ba mu yi ba. Na kunna masa, ko daƙiƙa biyar bai saurara ba ya ɗaga hannu.

"Wa ya ce miki muryarsu ɗaya?"

"Manhaja."

"To, ki tambayi manhajar ko ta taɓa buɗe cikin piyanon nan."

Ashe wayoyin piyanon sun yi tsatsa tun kafin a haife ni, in Baba ya ɗaure su yadda ya kamata tsinkewa za su yi. Sai ya bar piyanon gaba ɗaya ƙasa kaɗan da saiti. Kiɗan Mama tsakanin lamba biyu yake, manhajar kuwa ta tura shi ga wadda ta fi kusa. Kwana uku ina zargin kunnena!

Na fara tattara kaya ina jin haushin ya yi gaskiya, sai ya ce in sake kunna masa. Wannan karon ya saurara har tsakiya.

"Ina wurin da ta tsaya?"

"Kuskure ne, na cire."

Ya daɗe yana kallona.

"Ye-seul, ke ce kuskuren. Watanki tara, kika rarrafo kika kama mata ƙafa. Ta leƙa ƙasa ta yi miki dariya, sannan ta ci gaba."

Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada ya ji.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Na mayar da Mama yadda take, har da daƙiƙa biyun. Waƙar amarya na sauke muryarta, ta sauko inda piyanon yake. Baba ya yi ta kai da komo a falo da silifa, yana ƙirga takun da za su yi gobe, yana cewa wai ƙasa kaɗan, a'a ya yi yawa, ke ba ki da kunne ne? Saura minti goma azahar na tura.

Asabar, 19 ga Oktoba

Kiɗa biyun sun shige juna, ko ɗinkin ba a ji ba.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Jiya da suka kai tsakiyar zaure, daidai inda Mama ta tsaya, Baba ma ya tsaya cak. Mutane sun ɗauka tuntuɓe ya yi, har ango ya yunƙuro. Shi kuwa juyowa ya yi ya dubi inda nake bayan na'ura, sannan ya ci gaba da tafiya.

Ɗazu ya kira, wai mene ne ma 8A ɗin nan. Na ce ba ya bayanuwa a waya.

Ban ce mun shirya ba, har yanzu bai janye maganar injin wanki ba. Tikitin jirgin zuwa Daegu na Asabar mai zuwa dai na saya, saboda na manto wayar caji a can.