Shuni a Rijiyar Alphonse

Garuwa, Lahadi

Yaya Dawuda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya kasuwar shanu a Ngawundare? Inna lafiya, har ta ƙulle kayan tarewa.

Na je duba gidan da Alphonse zai sayar mana a unguwar Rumde Ajiya kamar yadda ka sa ni. Fenti kam sai ka ce amarya. Amma na yi dabarar da wani magini ya koya min: na dama shuni bokiti shida na tuttula a masai, in ga inda bututun yake kai ƙazanta. Yaya, washegari na ja guga a rijiyar gidan, ruwa ya fito shuɗi.

Don girman Allah kada ka sa hannu a takardar cinikin ranar Alhamis.

Ƙaninka, Bilya

*

Bilya,

Wa alaikumus salam. Gaida Inna.

Ba kai ne bara ka rubuto min cewa bijimina ya faɗa kogin Binuwai ba? Na bar ciniki na taho, na tarar kana dariya. Alphonse ya rantse bututun sabo ne. Shekara tara tsohuwa tana gidan haya, ya isa. Nemi wani abokin wasan.

Dawuda

*

Yaya,

Salamu alaikum. Wallahi tallahi wannan karon babu wasa. Na dafa Alƙur'ani a gaban Inna, ita ma dariya ta yi, wai bakina ya saba. Ba ni da wanda zan gaya wa kuma.

Amai da gudawa ne ya ɗauke mana Baba, ka manta? Ruwan nan Inna za ta sha, da shi za ta yi alwala.

Ga farar shaddarka ta Juma'a a hannun direba. Sau uku na tsoma ta a rijiyar. Duba launin, sannan ka shinshina. Na san za ka ce ni na rina. To in ka zo, ja gugar da hannunka, ka miƙa wa Alphonse kofi ɗaya. In ya sha, saya, ka yi min bulala ɗari.

Na gudu Pitowa wurin Kawu Uba sai ka huce. Ka yafe min, Yaya.

Bilya

*

Garuwa, Juma'a

Bilya ja'iri,

Salam. Ka kashe min shadda, da aron riga na je masallaci.

Na miƙa wa Alphonse kofin, rana tsaka, zufa na ɗiga daga haɓarsa. Ya ce ba ya jin ƙishi. Ban sa hannu ba. Inna ta kwance kayanta.

Akwai wani gidan da za mu duba Litinin. Dawo, ka taho da shuninka.

Yayanka, Dawuda