Waɗanda Suka Rubuta Baƙin Bayan Wata

Aliero, ranar Litinin

Zuwa ga Yaya Sirajo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Bushira da yara. Tunda waya ba ta shiga inda kuke aiki, na ba Waliyyu direban motar albasa wannan takarda.

Jikin Baba da sauƙi, amma hannun dama bai dawo ba, magana kuma sai an kasa kunne. Ni ke juya shi, ni ke ba shi kunu, sannan in wuce makaranta wurin ɗalibaina. Na gaji, Yaya, ba zan ɓoye maka ba.

Ka tuna Baƙin Bayan Wata, wasan talabijin ɗin da muke kallo muna yara, na mutanen wata duniya da jirginsu ya faɗo cikin fadama suna neman ruwa? Ya dawo. Wani ya tono tsofaffin kaset ya zuba a waya, yanzu har a tasha ana kwaikwayon mutum-mutumin nan na garwa. Kowa ya san sunan wanda ya fito a Sarkin Baƙi. Amma an yanke ƙarshen, inda sunayen marubuta ke wucewa. Da na nuna wa Baba, bakinsa ya riƙa motsi, yana riga 'yan wasan faɗin maganarsu. Na gaya wa maƙwabciyarmu shi ya rubuta, ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake.

Na ji za a yi taron karrama wasan. Zan bincika.

Ƙanwarka,
Raihanatu

Aliero, ranar Asabar

Yaya Sirajo,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya aiki, yaya jikin autarku?

An yi taron, ba a gayyace mu ba. Na yi ta kiran mai shirya shi har na ji kunyar kaina. Ya ce 'yan wasa jama'a ke son gani. A waya na kalla: an raba kyaututtuka, an tafa, ba a ambaci marubuci ko ɗaya ba. Ban nuna wa Baba ba.

Shi ma ba taron ne a ransa ba. Da ƙyar ya fahimtar da ni cewa su uku suka rubuta wasan: shi, da Malam Arzika na Maiyama, da wata Tasalla ta Jega. Su yake son gani.

Na je Maiyama cikin wannan zafi. Malam Arzika ya rasu tun bara waccan. Jikokinsa na da wasan a wayoyinsu, ba su san kakansu ne ya ƙago mutum-mutumin ba. Na gaya musu, babbar ta fashe da kuka.

A Jega na yi ta tambaya har aka kai ni bayan mahauta. Hajiya Tasalla ta tsufa, idonta ya yi rauni, amma bakinta na nan. Ita ce mai buga takardu a gidan talabijin ɗin. Tana bugawa tana gyara musu maganar mata, don a cewarta matan da suke rubutawa duk kamar limamai suke magana. A haka ta koma rubuta rabin wasan. Sunanta bai taɓa fitowa ba, dangin mijinta ba su yarda ba. Ta ce za ta zo.

Ƙafafuna sun kumbura. A gaida kowa.

Raihanatu

Aliero, ranar Laraba

Yayana,

Ina gaishe ka, ina gaida iyali. Allah shi sa kuna lafiya.

Hajiya Tasalla ta zo jiya da hantsi. Na yi zaton za a yi kuka. Ashe rigima suka ajiye tun kafin in yi wayo. An dakatar da wasan ba a yi kashi na ƙarshe ba, kuma ba su taɓa daidaitawa a kan yadda zai ƙare ba. Ko ruwa ba ta sha ba ta tayar da zancen. Ita ta ce baƙin su zauna, tunda sun koyi noman albasa, sun yi abokai, duniyarsu kuma ta bushe.

Yaya, Baba da ke wuni bai haɗa kalma uku ba, sai ga shi ya dafa katifa da hannun hagu ya ɗago.

"Ƙarya kike, Tasalla," in ji shi. "Gida za su."

"Su koma su ci mi, Malam Gado? Ƙasa?"

"Sun baro tsohonsu can. Shina jiran su."

Suka yi ta yi har azahar. Ta ce masa mai taurin kai, ya yi dariya har ya ƙware. Da na gaya musu labarin Malam Arzika, suka yi masa addu'a, ta ce da yana nan bayanta zai bi. Baba ya girgiza kai. Ta tafi ba su shirya ba. A bakin ƙofa ta riƙe hannuna ta ce jikinsa ya fi yadda na gaya mata tsanani, kada in yaudari kaina.

Gaskiya ta faɗa. Yau ko kunun bai sha ba. Likita ya duba shi, bai ce komai ba sai a ci gaba da addu'a.

Ɗazu Baba ya sa na karanta masa abin da na rubuta maka. Ya ce tunda su biyu sun kasa, kai za ka raba gardamar: baƙin su zauna ko su koma. Na ce zan sa ka rubuto. Ya ce a'a, ba ya son amsar a takarda.

Waliyyu zai juyo daga wajenku zuwa Aliero ranar Juma'a, kuma gaban motarsa ba kowa.

Ƙanwarka,
Raihanatu Gado