Gawayin da ya sha turaren Inna

Badaguishiri

Yaya Maman,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Mariama da yara. Ya haƙurinmu? An yi addu'ar bakwai ɗin Inna, kowa ya san nisa ne ya hana ka zuwa. Ka ce in rage kuka. Ban ma fara ba, Yaya. Ina ci, ina barci, amma ba na jin komai.

Ka tuna aikina na jami'a da kake kira sana'ar 'yan gawayi? Zaren kaba ne na ƙone, na bi shi da tururi har ya buɗe ramukan da ido ba ya gani. Su ke kama maganin ƙwarin da ke shiga rijiyoyin lambu. Da na zo jinya na ba Inna kwalbar gawayin ta ajiye. Jiya na same ta a akwatinta, a buɗe. Ashe tsoro ta ji kar ya yi rima, sai ta riƙa turara shi tare da zannuwanta kowace Juma'a, don abin 'yarta ne.

Gwaggo ta rabar da zannuwan tun ran uku. Kwalbar nan kaɗai ta rage da ƙamshinta.

Ƙanwarka,
Hamdiyya

Tawa

Yaya Maman,

Gaisuwa mai yawa, da fatan jikin Mariama ya yi sauƙi.

Na gwada gawayin a labo, ɗakin gwajinmu, bai kama komai ba. Turare ya cike ramukan kaf. Malamina ya ce in gasa shi a tanderu ya koma sabo, don ranar kare aikina ta matso, babu lokacin yin wani. Na so in rage kaɗan, amma gwajin ma da ƙyar zai isa.

Na zauna da kwalbar a cinya har aka kira la'asar, sannan na juye gawayin duka a tanderu.

Labo ya cika da ƙamshin ɗakin Inna. Abokan karatuna suna ta tsiya, wai amarya ta shigo. Ni ma na yi dariya. Kafin magariba ƙamshin ya tafi.

Yanzu gawayin yana aiki, ruwan ya fita tsaf, malam ya yaba. Na shinshina shi yau da safe, Yaya. Ba ya ƙamshin komai.

Ka gaida yara. Allah Ya jiƙan Inna.

Ƙanwarka,
Hamdiyya