Fankar Sito

Kaduna, Talata

Yaya Saliha,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina Inna da 'yarki Jamilatu? Ga wannan ta hannun Salmanu direba, tunda wayoyinku ba sa shiga. Gidan da na gina muku kuwa nasa intanet ɗin yana kan rufi, bai dogara da kowa ba.

Yaya, ki zo ki ga ikon Allah. A kusurwar allon kwamfutata akwai wani ɗan akwati mai maɓallai huɗu: famfon ruwa, fitilu, get, da fankar da ke zuƙe zafin sito. Ina zaune a ofis, in danna, abu ya tashi a Birnin Gwari. Ni Idrisu da aka ce aji uku na sakandare ba zai kai ni ko'ina ba! Masu digirin ma leƙe suke zuwa.

Ki gaya wa Micah yanzu ina ganin komai. Yau da azahar na tarar da fankar sito a kashe, ga buhu ɗari biyu na masara a wannan zafi. Shekara goma sha takwas yana kula mini da gona, amma sai na kunna masa fanka daga Kaduna? Na kunna ta da kaina.

Ƙaninki,
Alhaji Idrisu

Birnin Gwari, Laraba

Idrisu,

Bayan gaisuwa, ka yi salati kafin ka karanta. Inna da Jamilatu suna asibiti tun jiya da la'asar. Amai, ƙirji ya riƙe, Inna ba ta gane kowa.

Jiya da safe Micah ya sa ƙwayoyin maganin ƙwari a masara, irin wanda ake rufe sito kwana bakwai ba a shiga. Ya ce ya kashe fanka, ya toshe ƙofa da tsumma. Amma an tarar da fankar tana juyawa, ka kuwa san bakinta tagar Inna yake kallo. Suna kwance suna hutun rana, iskar maganin ta cika ɗakin.

Makullin sito a hannun Micah yake shi kaɗai. 'Yan sintiri sun tafi da shi, an fasa masa baki. Yana ta rantsuwa, "Yaya, da wannan hannun na kashe ta!" Wa zai yarda? Salmanu bai iso ba tukuna, a hannun wani mai mota na ba da wannan.

Yayarka,
Saliha

Kaduna, Alhamis

Yaya,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na karanta takardarki a tsaye. Inna fa! Na buɗe akwatin nan na duba, ga shi a rubuce: Talata, biyu saura kwata. Na tsaya ina kallonsa kamar ban iya karatu ba.

Amma Yaya, mu yi magana ta gaskiya. Ta yaya zan san an sa magani? Akwatin a kunne ko a kashe kawai yake nunawa, ba ya jin wari. Me ya hana Micah ya aiko? Me ya hana shi cire wayar fankar gaba ɗaya?

Takardata ta Talata, in ta iso, ki karanta ke kaɗai ki sa a murhu. Kin san mutanen garinmu. Gobe a kasuwa za a ce Alhaji ya kusa kashe uwarsa don taƙama da na'ura. Suna ne na gina shekara talatin, daga dakon itace na faro. Maganar Micah zan san yadda zan yi a hankali.

Idrisu

Birnin Gwari, Asabar

Idrisu,

Inna ta farfaɗo, ta sha kunu. Jamilatu ta dawo gida.

Takardunka duka biyun sun iso. Ban ƙona komai ba, ban kuma nuna wa kowa ba. Ka manta kai ka hana kowa taɓa wayoyin wutar gidan nan, ka ce ba aikin jahilai ba ne? Maganin nan kuwa duk kaka ake sa shi, tun kana ɗaukar buhu a ka. Kai ne ka daɗe ba ka shiga sito ba.

Mercy matar Micah kwana uku tana zaune a ƙofar ɗakina. Litinin za a miƙa shi ga 'yan sanda. A hankalin naka zuwa yaushe ne?

Inna ta tambayi inda Micah yake, ta ce a kira mata shi ya gyara mata gado. Ban gaya mata abin da ya faru ba tukuna.

Saliha

Kaduna, Lahadi

Yaya,

Gaisuwa. Na kwana biyu ban iya kunna kwamfutar ba. Yau na naɗe ta a bargo, tana bayan motar Salmanu, gobe da sassafe muna hanya don su ga akwatin da idonsu. Wannan kuwa na ba wani mai mota don ta iso miki yau.

Ki kai wa mai unguwa takardata ta Talata yau ɗin nan, ya karanta ta a gaban 'yan sintiri, da ƙarfi, har da wurin da na yi maganar masu digiri. Ki ce wa Mercy ta tashi ta ɗora wa Micah ruwan wanka.

Inna kuma kada kowa ya riga ni. Ni zan gaya mata.

Ƙaninki,
Idrisu