Ba Laifin Tukunya Ba Ne

Unguwar Boro, Kaduna.

Zuwa ga ƙanena Derrick,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, kai da matarka Debby da yara, da ruwan Fatakwal da ba ya ɗaukewa. Allah ya ƙara muku lafiya. Mu nan da sauƙi. Ƙafar Baba Dauda ta yi dama-dama har yana zuwa coci. Ni dai gajiya ce ta yi mini yawa.

Tukwanen da ka aiko wa Mama sun iso, masu ƙyalli da murfin gilashi, har maƙwabciyarmu Talatu ta duba fuskarta a gindin ɗaya. Na san dalilinka. Da Kirsimeti ka ce miyar Mama ta canza, ka ɗora laifin a kan tsohuwar tukunyar ƙarfenta. Kai da ko ruwan zafi ba ka iya dafawa, yau ka zama alƙalin tukwane! Mun gwada su. Ba su da nauyi, da an sa muciya za a tuƙa tuwo sai su yi ta rawa a kan wuta, sai na riƙe mata. Miya kuwa, jiya i yau.

Derrick, ba tukunya ba ce. Mama tana zuba gishiri, ta juya, ta manta, ta sake zubawa. Shekaranjiya ta tsaya da daddawa a hannu tana tambayata mece ce wannan, matar da ake zuwa ɗauka tun daga Gonin Gora don girkin biki. Likita ya ce sai dai lallaɓawa. Ina ɓoye gishirin, tana faɗa wai na raina girkinta. Na gaji, kuma tsoro nake ji.

Jiya ta sa na fito da tsohuwar tukunyar, ta ce da tsohuwar zuma ake magani. Ta yi faten acca, ta zuba maka a kwano ta rufe, wai ka kusa tasowa daga makaranta. Kada ka ƙara aiko komai. Gani ya kori ji. Ka zo ka ci, ko gishirin ya yi yawa, tun tana sanin wanda take dafa wa.

Ka gaida Debby da yaranku su Sam. Baba Dauda da Talatu suna gaishe ku. Mama ba ta ba da saƙo ba, don a wurinta kana hanya.

Ni ce yayarka,
Hadassah